In Google ya sauya tsari, me ke samun ƙananan 'yan kasuwar intanet?

Wai me ake nufi da shafi ya sauka a Google?

In mutum ya rubuta "turaren wuta" ko "sarin atamfa" a Google, injin ne ke zaɓar wanda zai fito a sama da wanda zai koma can ƙasa, kuma yawancin mutane na saman nan suke dannawa su wuce abinsu. Toh in jiya kana na biyu yau ka wayi gari kana na goma sha biyar, kamar an ɗauke maka shago ne daga bakin titi a Kantin Kwari an kai ka cikin lungu, kaya na nan, farashi bai canja ba, amma kwastoma shiru.

Me ke jawo haka?

Google kullum cikin gyaran tsarinsa yake, ƙananan ba ya ma faɗa, manyan ne yake sanarwa, su kuma 'yan lokuta ne a shekara. A Fabrairun 2011 ya fito da wani gyara mai suna Panda, ya kwantar da shafukan da ake cikawa da kwafe da rubutun cika-wuri. Afrilun 2012 sai ga Penguin, shi kuma masu sayen linki ya bi, wato masu biyan wasu shafuka su sa mahaɗin da ke kaiwa shafinsu don su hau sama. A Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya. Na Maris 2024 kuwa sai da ya ɗau kwana 45 kafin ya gama, mutane na ta hawa da sauka ba su san inda za su tsaya ba.

To ai masu ha'inci ake kamawa, ni da ba ruwana fa?

Nan fa ake yinta. A Satumban 2023 an yi wani gyara wai don a ɗaga rubutu mai amfani, amma ƙananan shafuka da yawa masu aikin gaskiya suka faɗi tare da na banza. Akwai wani ƙaramin shafi, HouseFresh, da ke gwada na'urorin tace iska da hannunsu kafin su yi rubutu, a Fabrairun 2024 suka fito suka ce manyan mujallu da ba sa wani gwajin kirki sun danne su, bayan gyaran Maris kuma suka ce kusan kashi 91 cikin ɗari na masu zuwa musu ta Google sun ɓace. A daidai lokacin Reddit, babban dandalin tattaunawa na intanet, sai ƙara hawa yake.

Kuma gaskiya zafin ba ɗaya ba ne. Babban kamfani in ya sauka sai ya zuba kuɗi a talla ya dawo sama, dama mutane sun san sunansa kai tsaye suke zuwa. Kai kuwa da ka zuba jarinka kaya na jibge a ɗaki, ga kuɗin shafi wataƙila ma da dala kake biya, ga yaron da ke kai oda yana jiran nasa, wata biyu ba ciniki ya isa ya karya ka.

Wannan amsar da ke fitowa a sama yanzu fa?

AI Overviews kenan, taƙaitacciyar amsar da AI na Google ke rubutawa a saman sakamakon bincike, a Mayun 2024 aka fara a Amurka sannan aka faɗaɗa. Mutum ya samu amsarsa a nan ba sai ya shiga shafin kowa ba. A ganina mai rubuta bayani yana cin kuɗin AdSense, wato tallan da Google ke sawa a shafinsa, ya fi shan wuya, mai sayar da kilishi da sauƙi tunda ba a cin kilishi a allon waya.

Wani ya ce in biya shi zai kai ni lamba ɗaya, in biya?

Kar ka biya. Google da kansa ya ce ba wanda zai iya ba ka tabbacin lamba ɗaya. Yawanci linkin banza za su sayo maka, ka ɗan hau, daga baya a gano a jefo ka. Ko J.C. Penney, katon kantin nan na Amurka, a 2011 da jaridar New York Times ta bankaɗo irin wannan aikin sai da Google ya sauke shi, balle kai.

Toh na riga na sauka, yanzu ya zan yi?

Kar ka hau goge-goge cikin firgici. Buɗe Search Console, manhajar Google da ke nuna yadda shafinka ke fitowa a bincike, kyauta ne, ka duba ranar da abin ya fara, in ya zo daidai da gyaran da aka sanar ka jira a gama tukunna. In kuma ba haka ba wataƙila shafin ne ya yi nauyi ko wani abu ya lalace. Sa hotunan kayanka na gaske ba na ɗauko ba, rubuta farashi da yadda kake turawa, in kana da shago ka yi rajistar Google Business Profile don ka fito a taswira. Dawowa kan ɗau watanni, wani sai an sake wani babban gyaran, wani ma ba ya komawa inda yake. Shi ya sa duk wanda ya saya a wurinka ka nemi izininsa ka ajiye lambarsa, in sabon kaya ya zo ya gani a WhatsApp ɗinka ba sai ya bi ta Google ba.