Waiwaye: Ƙawancen ƙananan 'yan kwangilar langalanga da ƙungiyar ƙwadago a Amurka

A Amurka, ƙananan kamfanoni ne suka fi yawa a sana'ar yanka langalanga da lanƙwasa shi don yin bututun iskar sanyi da ta ɗumi, indararo da rufin gini. Maigida ne da ma'aikata 'yan kaɗan, sai injin yanka da na lanƙwasa. Irin wannan kamfani ba shi da ƙarfin buɗe makarantar koyon sana'a ko asusun fansho shi kaɗai. Wannan giɓi ne ƙawancensu da ƙungiyar ƙwadago ya zo ya cike.

Ma'aikatan ne suka fara haɗa kai a birnin Toledo na jihar Ohio a 1888, suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira SMART. Masu kamfanonin kuwa sai a 1943 suka kafa tasu, SMACNA. Daga baya ɓangarorin biyu suka tsara samfurin yarjejeniya guda, kowane yanki ya ɗauka ya ƙara nasa albashi da sharuɗɗa.

Doka ce ta ba abin ƙashin baya. Dokar Taft-Hartley ta 1947 ta wajabta cewa asusun walwalar ma'aikata da kamfanoni ke zuba wa kuɗi kuma ƙungiyar ƙwadago ke da hannu a cikinsa, wakilan iyayen gida da na ƙwadago su zama daidai wa daida wajen tafiyar da shi. Gyaran dokar ƙwadago na 1959 kuma ya ba kamfanin gine-gine damar sa hannu da ƙungiya tun kafin ya ɗauki ko mutum ɗaya. A kan wannan aka gina asusun fansho na ƙasa a 1966, na horarwa a 1971, sai cibiyar kula da lafiyar ma'aikata, SMOHIT, a 1986, wadda ta fara da gwajin huhun ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, wani ma'adinin kayan gini mai cutar da huhu.

Lissafin a kan awa yake. Duk awar da ma'aikaci ya yi, ban da albashinsa, maigida na zuba wani ƙayyadadden kuɗi a asusun lafiya, fansho da horo. Ma'aikaci ya koma wani kamfanin da ke cikin yarjejeniyar, haƙƙinsa na biye da shi. Maigida ya sami babban aiki, sai ya kira ofishin reshen ƙungiyar ƙwadago a turo masa gwanaye, in aiki ya ƙare su koma jerin masu jira. Ɗan koyo kan yi shekara 4 zuwa 5, kuma galibi ɗaya ake yarda da shi a kan kowane gwanaye uku. Ga mai ƙaramin jari, wannan gata ne na gaske.

Amma a nan ne kuma ƙananan ke tuntuɓe. Kuɗin asusun wata-wata ake biyansa, alhali babban ɗan kwangila kan jinkirta biya, ya kuma riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari har sai an kammala gini. Wanda ya taɓa kuɗin asusu ya sayi langalanga ya shiga uku: tun daga gyaran dokar fansho na 1980, in amintattun asusun suka yi nasara a kotu, zai biya bashin, da ruwa, da tarar da kan kai kashi 20 cikin ɗari, da kuɗin lauyoyinsu. Shi ya sa rassa da yawa ke neman takardar lamuni kafin su turo ma'aikaci.

Fita ta fi shiga wuya. Dokar 1980 ɗin ta ɗora wa mai ficewa kasonsa na giɓin asusun fansho. A harkar gine-gine, wannan bashi na hawa kansa ne in ya ci gaba da irin aikin a yankin ba tare da biyan asusu ba, ko ya dawo masa a haka cikin shekara 5. Hukuncin da hukumar ƙwadago ta ƙasa ta yanke a shari'ar kamfanin Deklewa a 1987 ya ce wanda ya sa hannu kafin ɗaukar ma'aikata na iya tafiya idan wa'adin yarjejeniya ya cika. Sai dai sashe na 10 na samfurin yarjejeniyar na da sakin layin da ke miƙa tattaunawar da ta cije ga kwamitin sasanci na ƙasa, kuma kotuna sun sha tilasta wa kamfanoni bin sabuwar yarjejeniyar da kwamitin ya yanke. Wannan sakin layi ne ya kamata mai ƙaramin kamfani ya zauna da lauya a kansa tun kafin ya ɗauki biro.