Raɗa wa Jarumi Suna a Wasannin Bidiyo na RPG

Raɗa wa jarumi suna tsari ne a wasannin bidiyo da ke ba mai wasa damar rubuta sunan da za a riƙa kiran jarumin labarin da shi, maimakon kamfanin da ya ƙera wasan ya yanke sunan tun farko. An fi samunsa a wasannin da ake kira RPG, wato waɗanda mutum ke ɗaukar jarumi guda ko tawagar jarumai ya bi su cikin dogon labari, ƙarfinsu na ƙaruwa, makamansu na sauyawa, wani lokaci har zaɓin da ya yi ya karkatar da ƙarshen labarin. Masu ƙera wasanni da masu bugawa sun daɗe suna jayayya a kan ko ya dace a bar wa mai wasa wannan dama. Amma duk wanda ya bi tarihin abin zai ga cewa ƙarfin na'ura da tsadar ɗaukar murya sun fi ra'ayin kowa tasiri wajen yanke hukuncin.

Asali

Tushen al'adar ba a kwamfuta yake ba. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir. Kowane mai wasa shi ke ƙirƙiro jaruminsa, ya rubuta sunansa a saman takarda, domin babu wani da zai yi masa wannan aikin. Da aka mayar da salon cikin kwamfuta, irin su Wizardry da Ultima na 1981, sai aka taho da gurbin sunan yadda yake.

Japan ce ta shigar da abin gidajen jama'a. Dragon Quest na kamfanin Enix, wanda Yuji Horii ya tsara a 1986, yana buɗewa ne da neman suna, kuma harufan Japananci huɗu kawai yake karɓa. Sunan ba ado ba ne: wasan yana lissafi da harufansa ya fitar da ƙarfin da jarumin zai fara da shi da yadda zai riƙa bunƙasa. Final Fantasy na kamfanin Square, wanda ya biyo baya a 1987, ya ba da jarumai huɗu, kowanne da gurbin harafi huɗu. A irin wannan ma'auni Musa da Audu da Sani da Ladi da Kofi sun tsira, Abdurrahman kuwa sai dai ya koma Abdu. Ƙarancin wurin ajiya a kaset da ƙanƙantar akwatin rubutu a allon talabijin ne suka jawo haka, kuma matsin bai bar jaruman kamfanonin kansu ba. Jarumin Chrono Trigger na 1995 ya rasa harafi ɗaya a fassarar Turanci ya zama Crono, saboda gurbi biyar kaɗai ake da shi.

Zamanin rubutu

Muddin maganganun wasa a rubuce suke, sauya suna abu ne mai arha. Marubuci yana barin gurbi a cikin jimla, na'ura ta cike shi da abin da mai wasa ya rubuta. Shi ya sa shekarun 1990 suka zama lokacin da al'adar ta fi yalwa, kuma a lokacin ne aka fi yi mata dabaru.

A Pokémon na farko, wasan kama dabbobin ƙage da ya fito a Japan a 1996, mutum yana raɗa wa kansa suna, sannan Farfesa Oak ya nuna jikansa, abokin hamayyar jarumin, ya ce sunan yaron ya kwanta masa, a tuna masa. Da wannan 'yar dabara aka ba yara damar laƙaba wa abokin hamayyarsu duk abin da suka ga dama, kuma ba kasafai suke zaɓar na yabo ba. Gurbin fassarar Turanci harafi bakwai ne, Ibrahim ya shiga daidai, Abubakar da Muhammad sun yi yawa da harafi guda. A wasan nan ne kuma suna ya haifar da ɗaya daga cikin sanannun kurakuran tarihin wasanni. Idan wani tsoho a garin Viridian ya nuna yadda ake kama dabba, na'urar takan ajiye sunan mai wasa na ɗan lokaci a wurin da take ajiye jerin dabbobin daji. Wanda ya tafi gaɓar tsibirin Cinnabar nan take sai ya riƙa cin karo da halittun da harufan sunansa suka haifar, ciki har da wadda ake kira MissingNo.

Link's Awakening na 1993 ya mayar da suna abin horo. Wanda ya saci kaya a kantin ƙauyen, wasan zai share sunan da ya zaɓa, kowa ya koma kiransa ɓarawo har ƙarshen labarin. EarthBound, wanda ya fito a Japan a 1994, ya wuce nan: yana tambayar sunayen yara huɗu, da na kare, da abincin da aka fi so, wanda mahaifiyar jarumin za ta riƙa dafa masa. Can a tsakiyar tafiya sai ya nemi sunan mutumin da ke riƙe da na'urar shi kansa, ya ɓoye shi, sai a yaƙin ƙarshe ya fito da shi cikin masu yi wa yaran addu'a. A nan ake ganin amfanin tsarin na gaskiya. Suna yana da nauyi ne idan wasan ya yi wani abu da shi. Idan gurbi ne kawai da za a cike a wuce, da shi da babu duk ɗaya.

Shigowar murya

Faifan CD da DVD sun ba da wurin ajiye muryoyin 'yan wasan kwaikwayo, sai matsala ta taso: ba a iya ɗaukar muryar sunan da ba a san shi ba tukuna. Final Fantasy X na 2001, na farko a jerin da aka yi wa muryoyi, ya bar mai wasa ya sauya sunan jaruminsa Tidus, sakamakon haka babu wanda ya furta sunan ko sau ɗaya a tsawon labarin. Daga "kai" sai "shi" sai "wancan". Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka uwa ke sakaya sunan ɗanta na fari saboda alkunya, ta shekara talatin tana kewaye shi ba ta faɗa ba. Bambancin shi ne ita kunya ce ta hana ta, su kuwa faifai ne.

Mafitar da ta fi karɓuwa ita ce a raba sunan biyu ko a rufe shi da muƙami. A Mass Effect na kamfanin BioWare, 2007, mai wasa yana zaɓar sunan farko, amma kowa Kwamanda Shepard yake cewa, sunan da aka zaɓa kuwa yana kwance a takardun bayanai. Haka aka yi wa Hawke a Dragon Age II na 2011. Skyrim na wannan shekarar ya bar mutum ya rubuta abin da ya so, mutanen ƙasar kuma suna kiransa da laƙabin da labarin ya ba shi. Genshin Impact na 2020, wanda ake bugawa a waya, yana nuna sunan a rubuce amma murya tana cewa matafiyi.

Wasu sun gwada fuskantar matsalar kai tsaye. Tokimeki Memorial 2 na kamfanin Konami ya haɗa sautin sunan mai wasa da na'ura tun 1999. Kamfanin Bethesda kuma ya sa aka ɗauki muryar sunaye kusan dubu domin Codsworth, mutum-mutumin da ke hidimar gida a Fallout 4 na 2015, ya riƙa kiran maigidansa da baki. Abin burgewa ne ga wanda sunansa ke cikin jerin. Wanda nasa ba ya ciki sai ya haƙura da "yallaɓai". Nintendo ta zaɓi janyewa gaba ɗaya: bayan shekaru talatin ana sauya sunan Link, jarumin jerin wasanninta na Zelda, Breath of the Wild na 2017 ya zo da muryoyi, ya kulle sunan.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa RPG wasan shiga rigar wani ne, kuma mutum ya fi damuwa da abin da ya raɗa wa suna da kansa. Masu adawa suna cewa jarumin da kowa zai iya sa masa suna dole ya zama fanko, ba shi da tarihi ko halin da zai ci karo da na mai wasa. Misalinsu Geralt na The Witcher 3, 2015, wanda kamfanin CD Projekt Red na Poland ya ɗauko daga littattafan Andrzej Sapkowski da sunansa da tsoffin abokansa da abokan gabansa. Sauya masa suna ba zai ƙara kome ba. Suna kuma nuna yadda sunan barkwanci ke lalata wurin da aka rubuta don a yi kuka. Akwai wahalar hira ma: jarumin Persona 5 ya fito da suna ɗaya a littafin zane, wani dabam a fim ɗin zane, masoya wasan suka gwammace su kira shi da laƙabinsa Joker.

Wasannin da suka fi ban sha'awa su ne waɗanda suka mayar da gardamar kanta labari. Jarumin Planescape: Torment na 1999 ba shi da suna, neman ko shi wane ne shi ne dukan tafiyar, kuma idan ya yawaita yin ƙaryar cewa sunansa Adahn, sai wani mutum mai wannan suna ya bayyana. Undertale na Toby Fox, 2015, yana neman a raɗa wa yaron da ya faɗa rami suna, daga baya a gane ba wanda ake tafiyar da shi ba ne. Baldur's Gate 3 na 2023 ya buɗe ƙofa biyu, ko ka ƙirƙiri naka, ko ka ɗauki ɗaya daga jaruman da aka riga aka rubuta.

A unguwannin Hausawan Accra

A Nima da Mamobi da Sabon Zongo, shagunan gem da ake biyan kuɗi a buga sun fi karkata ga ƙwallon ƙafa da faɗa, kuma dalilin a fili yake. Wasan ƙwallo minti kaɗan ne a tashi a ba wani, RPG kuwa yana cin sa'o'i gommai, ga shi ajiyar inda ka tsaya tana kan na'urar mai shago, wanda ya zo bayanka zai ci gaba da jaruminka da sunanka. Don haka wayar hannu da kwamfutar cinya ne gidan RPG a nan. Duk da haka masu buga ƙwallon sun san matsalar murya sarai: wanda ya ƙirƙiri ɗan wasansa a FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, yana zaɓar sunan da mai sharhi zai kira ne daga jerin da aka riga aka ɗauka.

Yaron zango ba ya rasa sunan da zai sa. Yana da na yanka da aka raɗa masa ranar bakwai, wataƙila da na rana irin Ɗanlami ko Jummai, maƙwabta Akan na iya kiransa Yaw ko Afua bisa ranar haihuwar, ga laƙabin da abokai suka manna masa a makaranta. Na'urar ce ke tace su. Harufan ɓ da ɗ da ƙ suna cikin Unicode, tsarin harufan kwamfuta na duniya, amma sai salon rubutun wasan yana da su za su fito, in ba haka ba a ga akwati ko alamar tambaya, ko a ƙi karɓar sunan. Ɗanjuma ya koma Danjuma. Masu yaren Twi suna fama da haka a kan ɛ da ɔ. Alamar ɗauri ta Sa'adatu da Rabi'u ma tana da nata rabon: World of Warcraft, wanda ya fara a 2004, harufa zalla yake karɓa, ba su wuce goma sha biyu ba, Final Fantasy XIV kuwa yana yarda da ita.

Wasannin intanet sun ƙara wani shinge, wato matatar zagi. Wasu matatun ba sa duban kalma gaba ɗaya, jerin harufa kawai suke farauta, matsalar da ta yi suna tun 1996 lokacin da kamfanin intanet na AOL ya hana mazauna garin Scunthorpe na Ingila rajista saboda harufan da ke cikin sunan garinsu. Alhassan da Hassana, sunayen da suka cika zangunan Ghana, suna ɗauke da harufa uku a jere da suka dace da wata kalmar batsa ta Turanci, kuma irin wannan matata tana iya rufe su da taurari. Akwai kuma masu kauce wa sunan yanka da gangan, musamman na Annabawa da masu haɗe da sunan Allah, don ba sa son ganinsa a kan jarumin da zai yi sata ko kisa ko a kashe shi sau ɗari. Irin waɗannan laƙabi suke sawa.

Masu ƙera wasanni na Afirka sun fi karkata ga kafaffen suna, saboda sunan yana cikin abin da suke son nunawa duniya. Leti Arts, wanda Eyram Tawia na Ghana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa a 2009, ya gina Africa's Legends a kan jarumai irin su Ananse, gizon tatsuniyoyin Akan. Aurion na kamfanin Kiro'o Games na Kamaru, RPG da ya fito a 2016, yana bin sarki Enzo Kori-Odan da matarsa Erine, waɗanda aka yi wa juyin mulki ranar bikin aurensu da naɗinsa.