Ma'anar "kashe onbod" kafin sanya sabon katin hoto a kwamfuta

Wanda ya sayi sabon katin hoto domin kwamfutarsa ta tebur, ko don tace bidiyo, ko zanen gine-gine, ko wasannin kwamfuta, da wuya ya bar shagon ba a ce masa "ka tabbata ka kashe onbod" ba. Maganar ta zama ruwan dare a bakin masu gyara, amma yawancin waɗanda ake faɗa wa ba su san abin da za a kashe ba, balle inda za a kashe shi, kuma wannan rashin sani ne ke sa mutum ya wayi gari da kwamfuta a kunne, fanka na juyawa, amma monita baƙi ƙirin.

Onbod shi ne sashen da ke sarrafa hoto wanda ya zo a haɗe da kwamfutar tun daga masana'anta, ba wanda aka saya daban aka soka ba. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da wannan sashe yake zaune a kan babban allon kwamfuta, wato madabod, a cikin guntun da ke haɗa firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta, da sauran kayan aiki, kamar yadda yake a Intel 810 na shekarar 1999. Daga baya wurin zamansa ya sauya. A farkon 2010 kamfanin Intel ya mayar da shi cikin kunshin firosesa, a 2011 kuma, da fitowar zubin Sandy Bridge, ya zama ɓangare na jikin firosesar kanta, yayin da AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI a 2006, ya fito da nasa irin a shekarar 2011 ɗin. Saboda haka abin da ake kira onbod a yau yana cikin firosesa ne, allon kuwa ba ya ɗauke da komai illa kafofin da ake soka wayar monita, irin su VGA da HDMI da DisplayPort. Wannan ne ya sa ake iya samun allo mai kafar HDMI wadda ba ta ba da hoto ko kaɗan, idan firosesar da aka ɗora masa ba ta da sashen hoto, kamar firosesocin Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, misali Core i5-9400F, ko yawancin Ryzen na kafin 2022 waɗanda ba su da harafin G. Mai irin wannan firosesa ba shi da onbod ɗin da zai kashe.

Babban bambancin onbod da katin da ake sokawa, wanda wasu masu gyara har yanzu ke kira katin VGA, shi ne wurin ajiya. Katin yana da tasa ma'ajiya mai sauri da nasa abin sanyaya, shi kuwa onbod aro yake yi daga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, kuma tun kafin Windows ta tashi ake ware masa wani kaso, daga megabait 32 ko 64 zuwa 512, har gigabait 2 a wasu allunan AMD.

Shawarar a kashe shi tana da tushe na gaskiya. A tsofaffin alluna na shekarun 1990, wasu sai an matsar da ɗan ƙaramin murfin roba daga kan wasu allurai zuwa wasu, abin da ake kira jamfa, kafin allon ya saki hoton ga sabon kati. Kwamfutoci masu Intel 810 kuma ba su da gurbin AGP da aka tanada domin katin hoto, don haka sai a soka katin a gurbin PCI na gama-gari, sannan a shiga BIOS, wato shafin saitin allon da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a faɗa wa injin cewa daga can zai fara nuna hoto, in ba haka ba ya ci gaba da amfani da na cikin gida kamar ba a ƙara masa komai ba. Waɗanda suka koyi aikin a wancan lokaci sun koyar da yaransu, maganar ta ci gaba da yawo, alhali tun bayan da gurbin PCI Express ya bazu daga 2004 allunan suka fara gane katin da kansu.

A yau, idan aka ce "kashe onbod", abu uku ake iya nufi, kuma ba ɗaya suke ba ko kusa. Na farko shi ne zaɓen wanda zai riga nuna hoto. Ana yin wannan a BIOS, ko magajinsa UEFI, wanda ake shiga ta danna Del ko F2 da zarar an kunna injin, ko F10 a kwamfutocin HP. Sunan wurin yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani ya rubuta "Primary Display", wani "Initiate Graphic Adapter", wani "Init Display First", amma zaɓin kusan iri ɗaya ne: IGD ko IGFX na nufin onbod, PEG ko PCIE na nufin katin, "Auto" kuma na nufin allon ya duba da kansa, in ya ga kati ya ba shi gaba, in bai gani ba ya koma ga na ciki. A nan mutum bai kashe komai da hannunsa ba, jerin gwano kawai ya tsara, kodayake wasu alluna kan rufe onbod da kansu idan sun ba kati gaba. Na biyu shi ne kashewa ta haƙiƙa, inda ake mayar da "Integrated Graphics" zuwa "Disabled" a BIOS ɗin, sashen ya ɓace daga idon Windows gaba ɗaya, RAM ɗin da aka ware masa kuma ya dawo ga sauran ayyuka. Na uku shi ne shiga Device Manager, wurin da Windows ke jera kayan aikin kwamfutar, a dakatar da shi daga can, kuma wannan ne mafi rauni a cikin ukun, domin direbansa kawai aka tsayar, wato manhajar da Windows ke sarrafa shi da ita, kason RAM ɗin da BIOS ya ware yana nan yadda yake, kuma babu abin da ya sauya game da wanda zai nuna hoto a lokacin tashin injin. Mutane da yawa suna yin na ukun suna zaton sun yi na biyun.

A ganina, na farkon ne kaɗai yawancin mutane ke buƙata, kuma ko shi ma galibi an riga an yi musu, tunda "Auto" ne allunan zamani ke zuwa da shi.

Abin da ya fi jawo kuka bayan sanya kati ba shi da alaƙa da BIOS ko kaɗan, waya ce. Bayan kwamfutar yanzu yana da rukunin kafofi biyu, na allo a sama kusa da kafofin USB, da na katin a ƙasa, kuma hannu ya saba mayar da wayar monita inda ya cire ta. Idan allon ya riga ya ba katin gaba ya rufe onbod, kafar sama ta mutu, monita ba za ta nuna komai ba. Idan kuma bai rufe shi ba, hoto zai fito lafiya lau, mai kwamfutar ya yi watanni yana aiki ta onbod yana mamakin yadda katin da ya kashe wa kuɗi bai ƙara masa saurin da ya yi tsammani ba. Wasu kwamfutocin Dell har gargaɗi suke rubutawa a monita su ƙi wucewa sai an mayar da wayar kan katin, kuma da sauran kamfanoni sun yi koyi da hakan da an huta da wahala mai yawa.

Tsarin aikin ma yana da muhimmanci, domin kuskuren da ya fi ɗaga hankali shi ne a kashe onbod kafin a tabbatar katin yana aiki. Hanya mafi aminci ita ce a kashe injin, a zare wayar wuta daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin domin sauke tartsatsin jiki, a danna katin cikin dogon gurbin da ya fi kusa da firosesa har maƙallinsa ya kama, a mayar da wayar monita kansa, a kunna, sannan a ɗora direban Nvidia ko AMD ko Intel daga shafin kamfanin. Sai an ga hoto kuma sunan katin ya bayyana a Device Manager ne za a yi tunanin taɓa BIOS. Wanda ya fara da kashewa, sannan katin ya zo da matsala, ya rasa duka biyun, kuma ba shi da monitar da zai gani ya gyara abin da ya ɓata. Mafita a irin wannan hali ita ce a mayar da BIOS kan saitinsa na asali, ta cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna bayan an zare wuta, ko ta haɗa alluran da aka rubuta wa CLR_CMOS. Agogon injin da sauran saiti na iya komawa baya, amma hoto zai dawo.

Sau da yawa kuma laifin da ake ɗora wa onbod na wuta ne. Gurbin PCI Express mai tsawo yana ba da wat 75 ne kawai, katin da ya fi haka ci sai an soka masa waya daga akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, mai allura 6 tana ƙara wat 75, mai allura 8 kuma wat 150. Wannan ya shafi masu saye a kasuwanninmu sosai, domin kwamfutocin ofis na hannu irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, waɗanda suka cika shaguna saboda sauƙin kuɗinsu, ƙananan cikinsu suna zuwa da fawa-fak mai ƙaramin ƙarfi wanda ba shi da waɗannan wayoyi, akwatin kuma siriri ne. Irinsu sai gajeren kati wanda gurbin kaɗai ke ciyar da shi, kamar GT 1030 mai cin kimanin wat 30, ko gajeren zubin GTX 1650. Babu saitin BIOS ɗin da zai tayar da katin da bai samu wutar da yake buƙata ba.

Akwai dalilan da za su sa a bar onbod a raye ko da katin yana aiki. Sashen hoto na Intel yana ɗauke da Quick Sync tun 2011, wanda ke hanzarta buɗewa da fitar da bidiyo irin H.264, kuma manhajoji kamar Adobe Premiere Pro da HandBrake da OBS suna amfani da shi, saboda haka mai tace fim da ya kashe shi ya jefar da ma'aikaci guda ne ba tare da ya sani ba. Ana kuma iya soka monita ta biyu a kafar allo idan aka kunna abin da allunan ASUS ke kira "iGPU Multi-Monitor". Sannan ranar da katin ya ƙone, onbod ne zai ba da damar a buɗe injin a kwashe aiki. Dalilan kashewa ta gaskiya ba su da yawa: kwamfuta mai RAM gigabait 4 da ke buƙatar kowane megabait, ko tsohuwar manhaja da ta nace sai ta kama onbod, kodayake ita ma tun 2018 Windows 10 ta ba da wurin da ake zaɓa wa kowace manhaja sashen hoton da za ta yi aiki da shi.

Duk wannan bayani na kwamfutar tebur ne. A laftof mai sashen hoto biyu, musamman masu tsarin Optimus da Nvidia ta fitar a 2010, babban katin yana yin lissafin ne kawai ya miƙa wa onbod, shi kuma onbod ɗin ne ke haɗe da gilashin laftof ɗin yana nuna hoton. Wanda ya dakatar da shi a Device Manager zai ga hoton ya yi nauyi, rage haske ko ƙara shi ya daina aiki, batir kuma ya riƙa ƙarewa da wuri, shi ya sa yawancin kamfanonin laftof ba sa ma sanya zaɓin kashe shi a BIOS, sai a wasu injinan wasanni da na zane masu tsada waɗanda aka yi wa makunni na musamman da ke haɗa gilashin kai tsaye da babban katin.