Björn: dabbar da mutanen arewacin Turai suka ji tsoron ambaton sunanta

Duk wanda ya taɓa jin sunan Björn Borg, ɗan wasan tanis na Suwidin da ya ci gasar Wimbledon sau biyar a jere daga 1976 zuwa 1980, to ya riga ya san kalmar. Björn na nufin beyar, wato ƙatuwar dabbar nan mai gashi da manyan farata, wadda ke kwana a rami tsawon lokacin sanyi. A Suwidin da Aislan ana rubuta björn, a Norwe da Denmak kuma bjørn. Lafazin ya yi kusa da "byorn". Duk daga tsohon harshen Nos, wato harshen kakannin mutanen waɗannan ƙasashe, suka gaje ta.

Sai dai ba shi ne sunan dabbar na asali ba. Tsohon sunan da harsunan Turai da Indiya suka yi tarayya a kai yana nan a Girkanci, arktos, da Latin, ursus. Daga arktos ɗin ne ma aka samo sunan Aktik, yankin ƙanƙara na ƙuryar arewacin duniya, saboda rukunin taurarin da ake kira Babbar Beyar a sararin arewa. Amma kakannin Jamusawa da mutanen Sikandinabiya sun watsar da tsohon sunan gaba ɗaya.

Me ya sa? Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne tsoro. Maharbin da ke cikin kurmi, daga shi sai mashi, ba ya son kiran sunan abin da zai iya yaga shi, kada ya ji ya taho. Sai ya sakaya, ya ce "mai launin ƙasa-ƙasa". Yau da gobe laƙabin ya cinye sunan. Wasu masana harshe suna ganin tushen kalmar "naman daji" ne kawai. Ko ma wanne ne, sakayawa ce. Bahaushen da ke cewa igiyar ƙasa maimakon maciji da dare ba ya buƙatar dogon sharhi a nan. Rashawa, maƙwabtan mutanen Sikandinabiya, ma haka suka yi, medved suke cewa, wato mai cin zuma.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda tsoron ya rikiɗe ya zama girmamawa. Mutanen da suka ƙi ambaton dabbar su ne suka koma raɗa wa 'ya'yansu maza sunanta, har da haɗe-haɗe irin su Torbjörn da Asbjørn. Farar beyar ta ƙanƙara kuwa isbjørn ce, kuma Norwe tana da tsibiri mai suna Bjørnøya, wato Tsibirin Beyar, wanda matuƙan jirgin ruwa na Holan ƙarƙashin Willem Barentsz suka sa wa suna a 1596 bayan sun kashe wata farar beyar a wurin. A Denmak yau babu beyar a daji ko ɗaya, amma har gobe ana haifar yara ana sa musu Bjørn.