Tsufa Mai Amfani

Tsufa mai amfani shi ne halin da mutum ke ci gaba da samun abin da yake tashi dominsa kowace safiya, yana ƙara ilimi, yana kuma kyautata zato ga sauran kwanakinsa, ko da ƙarfin jiki ya fara ja da baya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna lafiyar tsoho da ikonsa na ci gaba da yin abubuwan da suke da daraja a wurinsa, ko yana fama da ciwo ko ba ya yi. Ta kiyasta cewa nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye.

Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya bayyana matakin ƙarshe na rayuwa a matsayin lokacin da mutum ke waiwayar abin da ya shuka, ko dai ya sami natsuwa ko ya faɗa cikin nadama. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford a Amurka ta nuna cewa idan mutum ya fahimci lokacinsa ya taƙaita, yakan rage yawan abokan hulɗa, ya riƙe na kusa da zuciyarsa, kuma sau da yawa hankalinsa ya fi na matashi kwanciya.

Tarihin Sakkwato yana da misalai masu ƙarfi a kan wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya bar gudanar da mulki a hannun ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya mayar da hankali ga karantarwa da rubutu har rasuwarsa a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u ta tafi da lamarin nesa a tsarin 'Yan Taru, inda ta riƙa naɗa mata masu shekaru a matsayin jaji, ta ba kowacce malfa da jan ƙyalle alamar muƙami. Jaji kan jagoranci ayarin mata daga ƙauye zuwa wurin Asma'u, su ɗauki karatu cikin waƙoƙi, su koma su koyar da matan da hidimar aure ta hana su fita. Hikimar tsarin ita ce, shekarun da suka sauke wa mace nauyin haihuwa da raino su ne suka ba ta 'yancin tafiya da kwarjinin a saurare ta. Waziri Junaidu kuma, malami kuma masanin tarihi a Sakkwato, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ɗalibai da masu bincike ba su yanke zuwa gidansa ba a shekarun tsufansa.

A unguwanni har yau dattijo ne ake nema idan za a yi sulhu tsakanin ma'aurata, ko neman aure, ko rabon gado. Akwai tsofaffin da sai bayan sun aje aiki suke zama gaban malami a zaure bayan sallar asuba, riƙe da littafin da suka bari tun suna samari.

Wanda ya fi shiga haɗarin rasa irin wannan tsufa mai amfani shi ne ma'aikacin gwamnati. Ƙa'idar aiki a Nijeriya takan sa a yi ritaya a shekara 60, ko bayan shekara 35 ana aiki, kuma mutumin da ofis ne dukan duniyarsa yakan wayi gari babu mai sallama a ƙofarsa, ga jiran fansho da garatuti. An sanya hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, amma har yanzu iyali ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Abin takaici shi ne, da yawa daga abin da ke raba tsoho da jama'a yana da magani. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibiti, hawan jini da ciwon suga ana shawo kansu da magani da kula da abinci, raunin ji kuma, wanda kan sa dattijo ya daina zuwa majalisa don kunyar yawan cewa "me ka ce?", ana rage shi da na'urar kunne.