Dabarun Tayin Silam a Wasan Birij

Silam, a wasan karta na birij ɗin kwangila, shi ne alkawarin da abokan wasa biyu suke ɗauka lokacin tayi cewa za su ci zagaye 12 daga cikin 13 da ake bugawa a rabo guda (zagaye shi ne jefa kati ɗaya-ɗaya da 'yan wasan huɗu ke yi), ko kuma su cinye duka 13. Na farkon shi ake kira ƙaramin silam, wato tayin mataki na shida, na biyun kuma babban silam, tayin mataki na bakwai, domin a birij ba a fara ƙirga zagaye sai bayan shida na farko. Dabarun tayin silam su ne yarjejeniyoyin da abokan wasa ke ƙullawa tun kafin a zauna, waɗanda ke bai wa wasu tayi ma'ana ta daban da ta zahiri, don kowane ya gane abin da ke hannun ɗan'uwansa ba tare da ya gani ba. Yawancinsu an ƙirƙire su ne a Amurka da Italiya tsakanin shekarun 1930 da 1970, kuma amfaninsu ya fi ƙarfi wajen tsayar da mutum daga silam ɗin da ba zai yiwu ba fiye da kai shi ga mai yiwuwa.

Alamomi

Katunan sun kasu dangi huɗu, daga ƙarami zuwa babba a wajen tayi: ♣, ♦, ♥ da ♠. Sama da su akwai tayin da ba shi da turam, wanda ake rubutawa NT. Turam kuwa shi ne dangin da aka zaɓa ya rinjayi sauran. Manyan katunan kowane dangi su ne es (A), sarki (K), sarauniya (Q) da jak (J).

Asali da lissafin maki

Kalmar silam ta girmi birij, don an san ta tun a wasan wist da ya gabace shi. Sai dai a tsohon birij na gwanjo ana ba da ladan silam ko da ba a yi tayinsa ba, saboda haka babu wanda ya damu da yadda za a kai gare shi. Abin ya sauya ne a ƙarshen shekarar 1925, lokacin da Harold Vanderbilt, attajirin Amurka, ya tsara sabon jadawalin maki yana cikin tafiya a wani jirgin ruwa mai suna Finland. A tsarinsa ba a samun lada sai kan abin da aka yi alkawari, kuma daga nan ne tayin silam ya zama fanni mai zaman kansa.

Ladan ƙaramin silam a yau maki 500 ne, ko 750 ga ɓangaren da ke cikin halin haɗari, wato wanda tararsa da ladansa suka ƙaru. Na babban silam 1000 ne ko 1500. Daga waɗannan alƙaluma ake fitar da ƙa'idar yaushe ya dace a yi kasada. Wanda ya yi tayin 6♠, wato mataki na shida da ♠ a matsayin turam, ba a halin haɗari ba ya kuma cika, zai sami 980, alhali da ya tsaya a 4♠ da 480 zai samu, ribarsa 500 ke nan. Idan kuwa ya gaza da zagaye ɗaya, ya rasa 450 da zai samu, ga tarar 50, asarar ita ma 500 ce. Tun da riba da asara sun yi kunnen doki, ƙaramin silam ya cancanci tayi muddin yiwuwar cika shi ta kai rabi. Babban silam ya fi tsada, domin wanda ya faɗi a mataki na bakwai ya zubar har da ladan ƙaramin silam da ke hannunsa. A gasar ƙungiyoyi ana lissafa cewa yana bukatar kusan kashi 56 zuwa 57 cikin ɗari, a wasan gida da ake kira roba kuma kusan biyu bisa uku.

Auna ƙarfi

A ƙidayar da Milton Work ya yaɗa, Charles Goren kuma ya shigar da ita kowane gida, es maki 4 ne, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimilla 40 a kartar duka. Ana koyar da cewa hannaye biyu daidaitattu suna bukatar 33 don ƙaramin silam da 37 don babba. Hikimar a bayyane take: mai 33 ba zai rasa es biyu ba, mai 37 kuma ba zai rasa ko ɗaya ba. Idan akwai dogon dangi ko gajere, ƙidayar takan gaza, sai a koma ga ƙidayar katunan asara, wato waɗanda ake ganin abokan hamayya za su ci, da ake dangantawa da F. Dudley Courtenay a wajajen 1934, inda ake haɗa asarar hannayen biyu a cire daga 24, abin da ya rage shi ne adadin zagayen da ake sa ran ci.

Culbertson da Blackwood

Matsalar da ta fara damun 'yan wasan farko ita ce a kai mataki na shida sannan a tarar abokan hamayya suna riƙe da es biyu. Ely Culbertson, wanda ya mamaye harkar birij a Amurka a shekarun 1930 ta hanyar littattafansa da mujallarsa The Bridge World, ya fito da maganinsa a wajajen 1933. A tsarinsa, tayin 4NT yana sanar da abokin wasa cewa mai tayin yana da es uku, ko es biyu da sarkin wani dangi da ɓangarensu ya riga ya ambata, abokin kuma ya amsa gwargwadon abin da ke hannunsa. Tsari ne mai kyau a hannun ƙwararru domin yana faɗa kuma yana tambaya a lokaci guda, amma yana da wuyar riƙewa. 'Yan wasan Ingila masu bin tsarin Acol sun daɗe suna amfani da shi bayan Amurkawa sun bar shi.

A daidai wannan lokaci Easley Blackwood, ma'aikacin inshora a birnin Indianapolis wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1992, ya fito da abin da ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A wurinsa 4NT tambaya ce tsantsa: es nawa kake da su? Amsar tana tafiya mataki-mataki, 5♣ babu ko duka huɗu, 5♦ ɗaya, 5♥ biyu, 5♠ uku. Idan mai tambaya ya biyo da 5NT, to sarakuna yake tambaya, kuma ya tabbatar cewa es huɗun suna ɓangarensu. Blackwood ya aika da bayanin dabarar ga mujallar Culbertson aka ƙi bugawa, abin da ba zai ba da mamaki ba tun da mai mujallar yana da hajar da yake tallatawa. Dabarar ta bazu daga baki zuwa baki, daga gasa zuwa gasa, har ta kai Culbertson da kansa ya sallama ya sa ta cikin koyarwarsa. Ana yawan ba da 1933 a matsayin shekarar ƙirƙirarta, kuma da wuya a sami wata yarjejeniyar tayi da ta kai ta shahara a duniya.

Sauƙin nata shi ne kuma ya jawo yawan amfani da ita ba a wurinta ba. Tana faɗin adadin es, ba ta faɗin wanne ne. Mai riƙe da ♠AKQ874 ♥KQ3 ♦83 ♣AK, idan abokinsa ya amsa cewa yana da es ɗaya, bai ƙaru da komai ba, domin in na ♦ ne akwai fatan silam, in kuwa na ♥ ne abokan hamayya na iya kwashe zagaye biyu na ♦ tun daga buɗewa. Saboda haka malamai ke hana tambayar ga mai ƙananan katuna biyu a dangin da ba a tabbatar da tsaronsa ba, da wanda ba shi da kati ko ɗaya a wani dangi, da kuma wanda amsar za ta iya tsallakar da shi matakin da zai iya tsayawa lafiya, kamar yadda yakan faru idan turam ♣ ne.

Gerber

John Gerber na Houston a jihar Texas ya mai da tambayar zuwa 4♣ a 1938, don a sami sararin tsayawa ƙasa. Amsoshin su ne 4♦ babu ko huɗu, 4♥ ɗaya, 4♠ biyu, 4NT uku. An ce William Konigsberger da Win Nye sun riga shi wallafa irinta a Switzalan a wajajen 1936. Yawanci ana amfani da ita ne bayan buɗewa da 1NT ko 2NT, inda 4NT ke zama gayyata kawai zuwa 6NT ga mai cikakken ƙarfi.

Italiyawa da sarkin turam

Ƙungiyar Italiya da ake wa laƙabi da Shuɗiyar Tawaga ta ci kofin duniya na Bermuda sau 13 tsakanin 1957 da 1975, kuma masu sharhi da dama sun danganta wani ɓangare na wannan rinjaye ga iya tayin silam. Giorgio Belladonna da Walter Avarelli, masu tsarin da aka sa wa sunan birnin Rum, sun sauya amsoshin Blackwood ta yadda 5♣ ke nufin babu ko uku, 5♦ ɗaya ko huɗu, sauran matakan kuma su bambance waɗanne es biyu ake riƙe da su. Daga wannan ne aka gina Blackwood na katunan mabuɗi, wanda akasarin aikin gyara shi Amurkawa ne suka yi duk da sunan Rum da ya ci gaba da ɗauka.

Tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne sarkin turam daidai yake da es wajen muhimmanci, don haka katunan da ake tambaya biyar ne. Amsar 5♣ babu ko uku, 5♦ ɗaya ko huɗu, 5♥ biyu ba tare da sarauniyar turam ba, 5♠ biyu tare da ita. Bayan amsoshi biyu na farko, mai tambaya na iya bin mataki na gaba ya tambayi sarauniyar. Sharaɗin shi ne abokan wasa su san dangin da ya zama turam kafin a yi tambaya, kuma yawancin haɗurran wannan dabara daga nan suke tasowa.

Rabon da ya fi kowane shahara game da sarkin turam ya faru ne a wasan ƙarshe na kofin Bermuda na 1975, tsakanin Italiya da Amurka ta Arewa, a rabo na 92 cikin 96. Bayan dogon tayi, Belladonna da Benito Garozzo suka tsinci kansu a 7♣ ba su da sarkin ♣. Hannun da aka baje a tebur, wato na abokin mai buga kwangilar, yana da es da sarauniya kaɗai na ♣, saboda haka kwangilar ba za ta cika ba sai in sarkin yana hannun wanda ke buga kati kafin teburin, kuma da rakiyar kati ɗaya tak. Haka kuwa aka yi: Eddie Kantar na Amurka ne ke riƙe da sarkin da goma, kwangilar ta cika, Italiya ta ɗauki kofin. Kantar ɗin nan shi ne daga baya ya rubuta littafi sukutum kan Blackwood na katunan mabuɗi, ya kuma zama wanda aka fi komawa gare shi a kan batun.

Tayin nuna tsaro

Wannan hanya ta girmi duk tambayoyin es, kuma ƙwararru sun fi dogara da ita. Bayan an amince da turam, tayin sabon dangi sama da mataki na uku na turam ɗin yana nuna cewa mai tayin zai iya tare wannan dangi. Tsohuwar koyarwar Amurka da Ingila ta ce a fara nuna tsaron zagayen farko, wato es ko rashin dangin gaba ɗaya, sai daga baya a nuna na zagaye na biyu, wato sarki ko kati tilo. Italiyawa suka ce a nuna kowanne daga cikinsu, a bi dangi daga ƙasa zuwa sama, ta yadda duk dangin da mutum ya tsallake ya zama shaida cewa ba shi da tsaro a cikinsa. Idan bayan 1♠ da 3♠ mai buɗewa ya ce 4♦, ya sanar da cewa ba shi da tsaron ♣, abokin da shi ma ba shi da shi sai ya koma 4♠ a tsaya. Salon Italiya ne ya yi rinjaye a manyan gasa, domin yana haɗuwa da tambayar katunan mabuɗi: a fara tabbatar da cewa babu dangin da ke buɗe, sannan a ƙirga.

Sauran dabaru

Tayin 5NT kai tsaye bayan an amince da turam yana umartar abokin wasa ya je mataki na bakwai idan yana da biyu daga cikin manyan katunan turam uku. Ely Culbertson ne ya tsara shi a wajajen 1936, amma a Turai ana kiransa Josephine, sunan matarsa wadda ta yi rubutu a kansa. Tayin tsalle mai nuna kati tilo ko rashin dangi tare da goyon bayan turam, kamar 4♣ bayan 1♠, ana danganta shi da Dorothy Hayden da David Cliff, kowanne da kansa, a farkon shekarun 1960. Amsar 2NT ta Oswald Jacoby tana nuna goyon baya mai ƙarfi ga ♥ ko ♠ tana neman ƙarin bayani. Bobby Goldman ya fito da tambayar da ke cire es na dangin da mai tambaya ba shi da shi, Jeff Rubens ya sauko da tambayar katunan mabuɗi zuwa matakin da ke saman huɗu na turam, Eric Rodwell kuma ya mai da 3NT alamar cewa da gaske ake neman silam.

Idan abokan hamayya suka tsoma baki bayan 4NT, yarjejeniyar da aka fi sani ita ce ninki, wato furucin da ke ninka maki da tarar tayin abokan hamayya, ya nuna babu es, wucewa ba tare da tayi ba kuma ta nuna ɗaya.

Saɓani

Ana jayayya kan musanya amsoshi biyu na farko na katunan mabuɗi, wato 5♣ ya zama ɗaya ko huɗu, 5♦ kuma uku ko babu. Masu wannan ra'ayi suna kiransa 1430, adadin da ya yi daidai da makin 6♥ ko 6♠ a halin haɗari. Akwai kuma masu ganin Gerber ɓarnar tayi ne mai amfani.

Ɓangaren masu neman kayar da kwangila

Theodore Lightner ya ba da shawara a 1929 cewa ninka silam ɗin da abokan hamayya suka yi tayinsa da son ransu kada ya zama don neman ƙarin tara, tun da ribar hakan kaɗan ce. Ninkin, idan ya fito daga wanda ba shi ne zai buɗe wasa ba, yana roƙon abokinsa ya buɗe da dangin da ba a saba ba, galibi dangin farko da hannun tebur ya ambata ko wanda mai ninkin ba shi da kati a cikinsa, don ya sare shi da turam tun a zagayen farko.