Sawun motar haya da wutar lantarki a muhalli: daga rami zuwa bola

Lissafin tsawon rayuwar kaya hanya ce da masana muhalli suke auna ɓarnar da abu yake yi, tun daga ranar da aka haƙo ƙarfensa a ƙasa har ranar da ya mutu 'yan gwangwan suka saye shi a kilo. Hukumar ISO, mai tsara ƙa'idojin inganci na ƙasa da ƙasa, ita ce ta tsara ƙa'idojinsa, masu lamba 14040 da 14044, kuma sigar da ake aiki da ita ta fito a 2006. A fannin sufuri, lissafin ya haɗa da ƙera motar, tace man da take sha, titin da take bi, da makomar taya da batirinta.

Hayaƙin salansa da yawan fasinja

Lita ɗaya ta fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon idan ta ƙone, ta dizal kuwa kusan 2.7. A motar mai, nan ne mafi yawan ɓarnar take. Sai dai ba a kan mota ake raba ta ba, a kan mutum ne. A ce bas ta ƙona lita 10 ta dizal a hanyar Sakkwato zuwa Illela: kilo 27 ke nan. In mutum 18 ne a ciki, kowa ya ɗauki kilo ɗaya da rabi. In uku ne, kowa tara. Direban da ya tsaya a tasha sai mota ta cika, duk da ƙorafin fasinja, ya rage wa iska nauyi ko bai sani ba. Kabu-kabu ba ya shan mai da yawa, amma mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, shi ya sa keke napep cike da mutane kan iya fin shi sauƙi a kan kowane kai.

Titi ma yana da nasa kason. Duk wanda ya bi ta Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, ya ga inda ake gasa farar ƙasa a yi siminti. Gasawar kanta tana sakin kabon daga dutsen, ban da makamashin da ake ƙonawa, kuma siminti na da kusan kashi 8 cikin ɗari na kabon ɗin da duniya ke fitarwa.

Daga ina wutar take?

Mota mai aiki da lantarki ba ta da salansa, amma hayaƙinta yana can inda aka samar da wutar. Rahoton 2014 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ba da matsakaicin ƙiyasin kabon ɗin da ake fitarwa a kan kowace yunit ɗaya ta lantarki: kwal giram 820, iskar gas 490, manyan tashoshin sola 48, madatsar ruwa 24, injin iska 11. Mafi yawan wutar Najeriya daga gas take, sauran daga madatsu irin su Kainji, Jebba da Shiroro. Abin da ya fi damun mai lissafi a Sakkwato shi ne abin da ke faruwa idan an ɗauke wuta. Keken lantarkin da aka yi wa caji da janareta fetur ya sha, an dai sauya masa wurin ƙonawa ne.

A nan rana take shigowa, kuma Sakkwato ba ta da ƙarancinta. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi, kuma a harabarta aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da sola a 2021. Farantin sola yakan biya makamashin da aka kashe wajen ƙera shi cikin shekara ɗaya ko biyu, sannan ya yi aiki shekara 25 ko fiye. Yana da abokan gaba biyu a wannan yanki: ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa har sai an goge, da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, wanda ke rage ƙarfin farantin yana kuma gajarta ran batir.

Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, gwamnatin tarayya ta karkata ga CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya motoci su yi aiki da ita. Hayaƙinta ya fi na dizal tsabta, amma idan ta zurare daga bututu kafin a ƙona ta, methane, sinadarin da ya fi yawa a cikinta, ya fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba.

Ƙarshen kaya

Wannan ɓangaren ne aka fi yi wa sakaci. Batirin litiyam yana zuwa da bashin ma'adinai, kamar kobalt da mafi yawansa ake haƙowa a Kwango. Batirin dalma kuwa, wanda ke cikin motoci da gidajen da suka sa sola, ana iya narkar da shi a sake ƙera sabo idan akwai masana'antar da ta dace. Idan aka fasa shi da gatari a bayan gareji, ruwan batir yakan tsiyaye cikin ƙasa, ƙurar dalma ta bi iska ta sauka inda yara ke wasa. Maƙwabciyarmu Zamfara ta ga illar wannan ƙarfe a 2010, lokacin da dalmar da ke cikin dutsen zinare da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400.